HENRY KAISER: WANDA YA SA INJI YIN WALDAR JIRAGEN RUWA

'Yan'uwanmu da ke aiki a tashar Apapa, in sun dubi jikin manyan jiragen nan za su ga babu kan ƙusa ko ɗaya, duk walda ce. Wannan sana'a da yaranmu ke haɗa ƙofofin gidaje da ita a Gwarinpa ta Abuja, ita ce ta taimaki Ingila a yaƙin Hitila, kuma jigon aikin shi ne wani Ba'amurke, Henry Kaiser.

An haife shi a Jihar New York a 1882. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya shiga neman abinci. Daga baya ya zama ɗan kwangilar hanyoyi, har kamfaninsa ya shiga ginin madatsar ruwa ta Hoover.

Da Jamus ta matsa wa jiragen Ingila da nutsarwa, sai ya buɗe ma'aikatar ƙera jirage a Richmond ta Kalifoniya, alhali bai gaji sana'ar ba. A da, da ƙusa ake haɗa faranten ƙarfe, a gasa ta ta yi ja, a buga ɗaya bayan ɗaya. Kaiser ya koma ga walda. Ana haɗa jirgi sashe-sashe a ƙasa, inji na bin bakin ƙarfen da kansa, yana tura waya, yana zuba wani gari da ke rufe wutar. Sannan a ɗaga sassan a jera. Mata da manoman da ba su taɓa ganin teku ba suka koyi aikin cikin 'yan makonni.

Jirgin da kan ci kwana 230 ya koma kwana 42. A watan Nuwamba 1942 suka harhaɗa jirgin Robert E. Peary cikin kwana 4 da awa 15, ko da yake wannan don nuna bajinta ne.

Amma fa saurin ya zo da nasa. Ran 16 ga Janairu 1943 jirgin mai, Schenectady, sabo ful, ya rabe biyu yana tsaye a ma'aikatar Kaiser ta Portland. Aka ɗora wa masu walda laifi. Sai wata masaniya a Cambridge, Constance Tipper, ta nuna cewa ƙarfen ne ke yin gautsi in sanyi ya yi tsanani, kuma tsagar da gaɓar ƙusa kan tare, a jikin walda zarcewa take yi.

Kaiser ya rasu a Honolulu ran 24 ga Agusta 1967, yana da shekara 85. Jirage 747 suka fito daga Richmond.