Isaac Newton: Marayan da ya gano dokokin motsi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama Jibia, inda hanyar Katsina ke tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ya ga yadda tirela mai lodi ke fara taka birki tun daga nesa kafin ta iso shingen jami'an kwastan, alhali kuwa mai babur sai ya zo dab da shingen sannan ya tsaya cak. Direbobi sun san haka ta hanyar gogewa. Amma mutumin da ya fara bayyana dalilin da ya sa haka ke faruwa, ya kuma sanya shi cikin lissafi, wani Bature ne ɗan ƙasar Ingila, Isaac Newton, wanda ya rasu tun shekara ta 1727. Dokokinsa guda uku na motsi su ne ginshiƙin darasin fiziks da ɗaliban sakandare ke karantawa a Najeriya da Nijar.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Newton ne a ranar 25 ga watan Disamba na shekara ta 1642, bisa tsohuwar kalandar Ingila, a wani ƙauye da ake kira Woolsthorpe. Mahaifinsa manomi ne, ya kuma rasu watanni uku kafin a haife shi. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa, Hannah, ta sake yin aure ta tare a gidan sabon mijinta, ta bar shi a hannun kakarsa.

Da ya kai kimanin shekara 12 aka sa shi makaranta a garin Grantham. Sai dai a shekara ta 1659 mahaifiyar tasa, wadda mijinta na biyu shi ma ya riga ya rasu, ta cire shi daga makarantar domin ya kula da gona da dabbobi. Yaron bai yi wa gonar wata rana ba, domin hankalinsa na kan littattafai, tumaki kuwa na shiga gonakin maƙwabta. Shugaban makarantar, Henry Stokes, da wani kawunsa ne suka lallashi uwar ta mayar da shi aji. Da ta ƙi, da watakila duniya ba ta taɓa jin sunansa ba. Amma masu iya magana kan ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

A shekara ta 1661 ya shiga Jami'ar Cambridge, cikin rukunin ɗaliban da ke yi wa masu hali hidima domin a rage musu kuɗin karatu.

Shekarun annoba

A shekara ta 1665 wata annoba ta ɓarke a birnin Landan, ta hallaka dubban mutane, lamarin da ya sa aka rufe jami'ar. Newton ya koma ƙauyensu, inda ya shafe mafi yawan shekaru biyun da suka biyo baya. A wannan zama ne ya aza harsashin fannin lissafin da ake kira kalkulas, ya kuma yi nisa a binciken da ya nuna cewa farin haske gamayyar launuka ne. A nan ne kuma, kamar yadda shi kansa ya ba da labari bayan ya tsufa, ya ga tuffa ta faɗo daga bishiya, ya shiga tunanin ko ƙarfin da ya jawo ta ƙasa shi ne ke riƙe da wata a kan tafarkinsa.

Tambayar abin da ke sa abu motsi ta daɗe tana damun masana. Tun zamanin Aristotle na Girka ake ganin cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekara ta 1037, ya saɓa wa wannan ra'ayi, inda ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata a cikinsa, wanda ba zai gushe ba in da babu abin da ke tare shi, kamar iska. Galileo na Italiya ya gwada lamarin ta hanyar gangara ƙwallaye a kan katako. Newton ne ya tattara waɗannan tunane-tunane ya mayar da su tsari guda.

Ya zama farfesan lissafi a Cambridge a shekara ta 1669, yana da shekara 26. Sai dai mutum ne mai ɓoye aikinsa, wanda ba ya jure suka. Sai a shekara ta 1684, lokacin da masanin taurari Edmond Halley ya ziyarce shi da tambaya a kan tafarkin duniyoyin da ke kewaya rana, sannan ya zauna ya rubuta abin da ya sani. Littafin, wanda aka fi sani da Principia, ya fito da harshen Latin a shekara ta 1687, kuma Halley ne ya biya kuɗin ɗab'insa daga aljihunsa.

Dokokin uku

Doka ta farko ta ce abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, wanda ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya, har sai wani ƙarfi daga waje ya sauya halinsa. Wannan ne ya sa idan motar haya ta taka birki ba zato, fasinjoji kan rinjaya gaba: motar ce ta tsaya, jikinsu kuwa yana ci gaba da tafiyarsa. Amfanin ɗaura bel ke nan, kuma hatsarin zama a kan lodi ke nan, domin wanda ke can sama ba shi da abin da zai riƙe shi.

Doka ta biyu ta ce ƙarfin da ake buƙata don ƙara wa abu gudu, ko rage masa, ya danganta ne ga nauyin abin da kuma saurin sauyin da ake so. Ita ce ke bayyana bambancin tirela da babur a shingen Jibia. Idan lodi ya ninka nauyin mota sau uku, to sai birki ya yi aikin da ya ninka sau uku kafin ta tsaya a tazarar da ta saba. Daga wannan doka ne kuma lissafi ya nuna cewa idan direba ya ninka gudunsa sau biyu, tazarar da birki ke buƙata za ta ninka sau huɗu ne, ba sau biyu ba.

Doka ta uku ta ce duk abin da ya tura wani, to shi ma wancan yana tura shi da ƙarfi daidai wa daida, ta fuskar da ke kishiyantar ta farko. Tayar mota na tura hanya baya, hanya kuma na tura motar gaba. Idan ta kafe a cikin rairayi, tayar kan yi ta juyawa a banza, saboda rairayin na zamewa maimakon ya mayar da turin. Da wannan doka ce roka ke tashi, ciki har da wadda ta kai tauraron ɗan adam na farko na Najeriya sararin samaniya a shekara ta 2003.

A cikin littafin ne kuma ya bayyana cewa kowane abu a sararin halitta yana jan ɗan'uwansa, kuma ƙarfin jan na raguwa gwargwadon ƙaruwar nisa. Da wannan ya fayyace tafiyar wata, da kewayen duniyoyi, da tumbatsa da janyewar teku.

Ƙarshen rayuwa

A shekara ta 1696 Newton ya koma Landan, inda aka ba shi muƙami a ma'aikatar buga kuɗi ta ƙasa, ya kuma zama shugabanta a 1699. Ya tsananta wa masu buga jabun kuɗi, kuma bincikensa ne ya kai ga rataye wani fitaccen ɗan damfara, William Chaloner. A 1703 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, sannan Sarauniya Anne ta ba shi lambar girmamawa a 1705.

Ba a rasa shi da aibu ba. Ya yi doguwar gaba da Robert Hooke, ya kuma yi amfani da muƙaminsa wajen ɓata sunan Bajamushe Gottfried Leibniz a rikicinsu kan wanda ya fara gano kalkulas. A yau masana tarihi sun yarda cewa kowannensu ya gano shi ne da kansa.

Ta fuskar addini, Newton Kirista ne mai yawan nazarin Baibul, amma a asirce bai yarda da aƙidar Triniti ba. Ya ɓoye wannan ra'ayi domin a lokacin bayyana shi na iya raba mutum da aikinsa. Bai taɓa yin aure ba. Ya rasu a watan Maris na shekara ta 1727 yana da shekara 84, aka binne shi a majami'ar Westminster, inda a da ake binne sarakunan Ingila.

A farkon ƙarni na 20 Albert Einstein ya nuna cewa dokokin Newton na da iyaka, musamman a kan abubuwan da gudunsu ya kusanci na haske. Amma a harkokin yau da kullum, da su injiniyoyi ke gina gadoji, su ƙera motoci da jiragen sama. Ma'aunin da ake auna ƙarfi da shi a kimiyya ma sunansa aka sa masa: newton ɗaya ya yi kusan daidai da nauyin abu mai giram 100, wato kwatankwacin ƙaramar tuffa guda.