Marigayi King Tubby: Mai Gyaran Rediyon Da Ya Zama Uban Kiɗan Dub

Duk wanda ya taɓa halartar wurin rawa a Kaduna ya ga yadda mai sa kiɗa kan ɗauke muryar mawaƙi ya bar ganga kaɗai tana tashi, sa'an nan ya maido da muryar. Galibin masu rawar ba su san cewa wanda ya raya wannan dabara wani mai gyaran rediyo ne na ƙasar Jamaika ba, mutumin da bai yi suna da waƙa ko kaɗa wani abin kiɗa ba.

Ainihin sunansa Osbourne Ruddock, amma duniya ta fi saninsa da King Tubby. An haife shi a birnin Kingston ran 28 ga watan Janairu, 1941. Tun yana saurayi ya ƙware wajen gyaran rediyo da talabijin da naɗa taransifoma, yana aikinsa a unguwar talakawa ta Waterhouse.

A zamanin nan talakawan Jamaika a fili suke rawarsu, inda masu manyan lasifikoki kan yi gasar jawo jama'a. Tubby ya harhaɗa nasa kayan da hannunsa, ya sa musu suna Hometown Hi-Fi, kuma shahararren U-Roy ne ke magana a kan kiɗan. A 1968 ya kama aikin yanka faifai wurin Duke Reid, mai kamfanin Treasure Isle. A lokacin ne al'adar buga waƙa a fuska ɗaya ta faifai, da kiɗanta zalla a ɗaya fuskar, ta fara bunƙasa, watau abin da ya zama tushen dub.

Wajen 1972 ya sayi tsohuwar na'urar tace sauti mai layi huɗu daga kamfanin Dynamic Sounds, ya girka ta a ɗan ɗakinsa na Dromilly Avenue. Ɗakin bai isa ya ɗauki ƙungiyar makaɗa ba, saboda haka sai a ɗauko kiɗa a wani wuri a kawo masa. Shi kuwa sai ya warware shi kamar yadda yake warware rediyo. Yakan cire murya ya bar guntunta tana amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya, ya ɓoye jita, ya fito da ganga da bas, har waƙa guda ta haifi iri-iri. Ta haka na'urar da aka ƙera don daidaita sauti ta koma abin kiɗa a hannunsa.

Manyan masu shirya waƙoƙin rege irin su Bunny Lee da Lee Perry sun yi aiki da shi. Faifan King Tubbys Meets Rockers Uptown, wanda suka yi da Augustus Pablo a 1976, har yanzu ana lissafa shi cikin fitattun ayyukan dub. Bai kuwa yi rowar iliminsa ba, domin a hannunsa Prince Jammy da Scientist da Philip Smart suka koyi aiki, kowannensu ya zama gwani.

Ran 6 ga watan Fabrairu, 1989, aka harbe shi a ƙofar gidansa da ke Duhaney Park bayan ya taso daga aiki, yana da shekara 48. An yi zaton 'yan fashi ne.

Dabarunsa ba su bi shi kabari ba. Matasan Berlin ta Jamus sun gauraya su da kiɗan tekno a shekarun 1990, na kudancin Landan kuma suka fitar da dubstep daga cikinsu a farkon shekarun 2000. Ɗalibanmu na makarantun koyon sana'a, da iyayen da ke ganin aikin ofis ne kaɗai abin yi, ya kamata su tuna cewa daga teburin gyaran rediyo duk wannan ya faro.