Rosa Bonheur: Matar da ta yi suna da zanen dabbobi

A Faransa ta ƙarni na 19, lokacin da babbar makarantar koyon zane ta gwamnati ba ta karɓar mata, an yi wata mace da ta ci abinci da burushi da fenti har ta sayi katafaren gida da guminta. Sunanta Rosa Bonheur, kuma shanu da dawakai da tumaki ne suka kai ta wannan matsayi.

An haife ta ranar 16 ga Maris, 1822 a birnin Bordeaux. Mahaifinta, Raymond Bonheur, mai zane ne kuma malamin koyar da zane, mahaifiyarta Sophie kuwa tana koyar da kiɗan fiyano. Rosa ta taso da ƙiriniya da ƙin zaman aji, don haka mahaifiyar ta ɓullo da dabarar koya mata karatu ta hanyar sa ta zana dabba ɗaya ga kowane harafi. Tun daga nan hannunta ya saba da siffar dabbobi.

Iyalin sun koma Faris tana ƙarama, amma rayuwa ba ta yi musu sauƙi ba. Mahaifin ya shiga wata ƙungiyar masu neman sauya tsarin zamantakewa, mabiya Saint-Simon, ya bar wa matarsa nauyin 'ya'ya huɗu. Sophie ta rasu a 1833 cikin talauci, Rosa tana da shekara 11. An kai yarinyar koyon ɗinki, ba ta zauna ba. An sa ta makarantar kwana, nan ma aka sallame ta. Daga ƙarshe mahaifin ya karɓe ta a matsayin almajirarsa. Abin da ya ɗauko daga waccan ƙungiya, cewa mace ta cancanci ilimi da sana'a kamar namiji, shi ne gadon da ya fi yi mata amfani.

Tana 'yar shekara 14 ta fara zuwa gidan adana zane-zane na Louvre tana kwaikwayon ayyukan magabata. Sai dai ta gane cewa kallon zanen wani ba zai sanar da ita yadda tsokar sa take motsi in yana jan garma ba. Saboda haka ta riƙa fita gonakin bayan gari da kasuwannin dabbobi, ta kuma shiga mayankar Faris, inda take zama cikin jini da ƙarni tana nazarin ƙashi da jijiya yayin da mahauta ke fiɗa. Ƙa'idarta ita ce sai ta cika takardu da ƙananan zane na fensir, ƙafa daban, wuya daban, ido daban, kafin ta taɓa babban ƙyallen zane.

A 1841, tana da shekara 19, aka karɓi ayyukanta biyu a babban baje kolin zane na Faris da ake kira Salon: ɗaya na zomaye biyu, ɗaya na awaki da tumaki. A 1848 ta sami lambar zinare, gwamnati kuma ta ba ta kwangilar zane a kan faran 3,000. Abin da ta kawo a 1849 shi ne hoton shanun noma goma sha biyu suna huɗa a yankin Nivernais, har ana ganin ɓarɓashin ƙasar da garma ta juya da yawun da ke zuba daga bakin shanun. Yau wannan zane yana gidan tarihi na Orsay. A shekarar ce mahaifinta ya rasu, ta gaje shi a shugabancin makarantar koya wa 'yan mata zane, ƙanwarta Juliette tana taimaka mata.

Aikin da ya kai sunanta ƙetare shi ne zanen kasuwar dawakai ta Faris. Ta shafe shekara ɗaya da rabi tana zuwa kasuwar sau biyu a mako, tana zana dawakai da dillalai da masu jan linzami. Wuri ne na maza, ga taɓo ga harbin doki, doguwar rigar matan wancan zamani kuwa ba ta aiki a nan. Sai ta koma sa wando da riga irin ta ma'aikata, abin da doka ta hana mace sai da takardar izini daga 'yan sanda, wadda ake sabuntawa duk wata shida. Ta nemi takardar, aka ba ta. An nuna zanen a 1853. Faɗinsa ya kai mita biyar, tsayinsa kusan mita biyu da rabi.

Duk da sunanta ne a kan ayyukan, Rosa ba ita kaɗai take aiki ba. Gidansu tamkar masana'anta yake: ƙaninta Auguste da Juliette masu zanen dabbobi ne, Isidore yana ƙera siffofin dabbobi, mijin Juliette, Hippolyte Peyrol, shi ke zuba su da tagulla. Sai kuma Nathalie Micas, aminiyarta tun ƙuruciya, wadda suka zauna gida ɗaya fiye da shekara 40. Nathalie ce ke shirya ƙyallen zane, ta kwafe ƙananan zanen Rosa a kansa, ta kuma ɗauke mata hidimar gida da ta baƙi domin hankalinta ya tsaya kan aiki.

Ta fuskar ciniki kuwa, mutumin da ya buɗe mata kasuwa shi ne Ernest Gambart, dillalin zane ɗan asalin Beljiyam da ke zaune a Landan. Rosa ta fara yi wa mahaifarta Bordeaux tayin zanen dawakan, hukumomin birnin suka ƙi saye. Gambart ya biya faran 40,000 a 1855, ya zagaya da shi biranen Ingila ana biyan kuɗin shiga don kallo, har aka kai shi fada Sarauniya Victoria ta gani. Ya kuma san cewa riba tana cikin yawan kwafi. Rosa da Nathalie suka haɗu suka yi ƙaramin kwafin zanen, wanda Thomas Landseer ya bi ya sassaƙa a kan faifan ƙarfe, aka buga shi da yawa. Ta haka hoton ya shiga gidajen mutanen da ba za su taɓa iya sayen na asali ba, a Ingila da Amurka. A 1887 attajiri Cornelius Vanderbilt na biyu ya sayi na asalin a kan dala 53,000, ya ba da shi kyauta ga gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok, inda yake har yau.

Da kuɗin da ta samu ta sayi gidan By, a bakin dajin Fontainebleau, ta tare a 1860. Can ta tara tumaki da dawakai da barewa, daga baya har da zakoki, don ta riƙa zana su a raye kullum. A 1865 matar Sarki Napoleon na uku, Eugénie, ta je har ɗakin aikinta ta maƙala mata lambar girmamawa ta Légion d'honneur, wadda ba a taɓa ba mace mai zane ba kafin ita. A 1894 aka ɗaga ta zuwa mataki na gaba na lambar.

Rasuwar Nathalie a 1889 ta girgiza ta ƙwarai. Abin da ya mayar da ita bakin aiki shi ne zuwan Buffalo Bill da tawagar wasansa daga Amurka a shekarar: ta yi makonni a sansaninsu tana zana ɓaunan Amurka da dawakai da 'yan asalin ƙasar, ta kuma zana shi kansa a kan farin doki. A 1898 wata Ba'amurkiya mai zane, Anna Klumpke, ta zo yin hotonta, ta zauna tare da ita, Rosa kuma ta yi wasiyyar ita ce magajiyarta.

Ta rasu ranar 25 ga Mayu, 1899 tana da shekara 77, aka binne ta a maƙabartar Père Lachaise kusa da Nathalie. Da aka yi gwanjon kayan ɗakin aikinta a 1900, an fitar da ayyuka fiye da 2,000, yawancinsu gwaje-gwajen da ba ta taɓa nuna wa kowa ba.

Bayan mutuwarta salon zane ya sauya, masu sharhi suka ɗauki irin nata a matsayin tsohon yayi, sunanta ya dusashe a ƙasarta. Anna Klumpke ta adana gidan By, ta kuma wallafa tarihin rayuwarta a 1908. A 2022, cikarta shekara 200 da haihuwa, aka shirya babban baje kolin ayyukanta a Orsay da kuma Bordeaux, birnin da ya taɓa ƙin sayen zanen dawakanta.