Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Tushen Gidan Sarauta

Ba nisa da Badawa akwai gidan sarki na Nassarawa, inda sarakunan Kano da dama suke kwance, har da Alhaji Ado Bayero wanda aka binne a can cikin 2014. Dukansu jini ɗaya ne. To, yau muna so mu ba masu karatu labarin kakansu, watau Malam Ibrahim Dabo, don kowa ya san inda wannan gida ya samo asali.

Dabo Bafillace ne daga cikin Sulluɓawa. Wansa, Malam Jamo, yana cikin malaman da suka ja gaban jihadi a ƙasar Kano. Shi kansa Dabo da karatu aka fara saninsa, har ya wallafa littafi da Larabci mai suna Kaff al-Ikhwan. Sarkin Kano na farko a zamanin Fulani, Malam Sulaimanu, ba danginsa ba ne, Bamunduɓe ne. Da Sulaimanu ya rasu cikin 1819, sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Dabo.

Sarautar ba ta zo masa da sauƙi ba. Manyan Fulani da yawa suna ganin su ma sun sha rana a jihadi, ba wanda ya fi su. Garuruwa suka yi tawaye, Ɗan Tunku kuma ya tsaya masa a arewa. Dabo ya kafa sansani a Fanisau, ya dinga fita yaƙi gari bayan gari har aka yi masa laƙabi da Cigari. A Fanisau ɗin ne Baturen nan na Ingila, Kilafaton, ya gan shi cikin 1824. Duk da haka bai sami yadda yake so ga Ɗan Tunku ba, don daga ƙarshe Kazaure ta zama ƙasa mai sarkinta.

Amma a ganinmu babban aikinsa ba na takobi ba ne. Dabo ya lura ƙasa kamar Kano ba ta riƙuwa da wa'azi kaɗai. Saboda haka ya raya sarautun da aka gāda tun zamanin Haɓe, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kan manya daga ciki, ya ba sauran gidajen Fulani rabonsu, ya kuma ƙarfafa bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Da haka kowane mai ƙarfi ya sami abin da zai yi hasara in gidan ya faɗi.

Ya shekara 27 bisa gado, ya rasu cikin 1846. 'Ya'yansa uku suka yi sarauta bi da bi: Usman, wanda Bajamushen nan Barth ya tarar cikin 1851, sai Abdullahi Maje Karofi, sai Muhammadu Bello.

Sai dai icen da ya yi rassa da yawa ba ya rasa masu gogar juna. Da Bello ya rasu cikin 1893, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi suka ƙi, suka fita zuwa Takai. Wannan shi ne yaƙin Basasa, jikokin mutum ɗaya suna zub da jinin juna. Alu ya shiga birni cikin 1894. Da Turawa suka ci Kano cikin 1903, ba su nemi wani gida ba, ɗan'uwansa Abbas suka naɗa. Bayan Abbas aka sami Usman, da Abdullahi Bayero, da Sanusi, da Inuwa, da Ado.

Malaman makaranta, ga abin lura. Dabo ya kafa gida da tsari, tsarin kuwa ya fi shi tsawon rai. Abin da ya kusa rushe gidan daga cikinsa ya fito. Allah ya ji ƙan Dabo, ya haɗa kan zuriyarsa, amin.