Paul Ehrlich: Marinin da ya raɗa wa makarɓi suna

A daminar 2019 na kwana uku a wani asibiti ina jinyar ɗan ƙanwata, yaro mai shekara huɗu, wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Likitan da ke duba shi ya yi ƙoƙarin bayyana wa uwar yaron abin da ke faruwa, sai Hausa ta ƙare masa a kan kalma guda. Yaron ya tashi, amma ni da na yi digirin digirgir a kimiyyar harshe na koma gida da kunyar cewa ban iya taimakon likitan ba. Neman asalin kalmar nan ne ya kai ni ga tarihin Paul Ehrlich.

An haifi Ehrlich ranar 14 ga Maris, 1854, a garin Strehlen na ƙasar Jamus ta wancan zamani, wanda yau yake cikin Polan. Bayahude ne, kuma ɗan'uwansa Karl Weigert ne ya fara nuna masa yadda ake rina tsoka domin a gan ta a madubin likita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san rini yakan kama wani zare ya ƙi wani. Ehrlich ya ga haka a jikin ɗan'adam, sai ya tambayi kansa dalili. A kan rinin tsoka ya rubuta kundin digirinsa a Leipzig a 1878, sannan ya kama aiki a asibitin Charité da ke Berlin.

A 1885 ya wallafa sakamakon rinin da ya riƙa ɗura wa dabbobi masu rai. Wasu rinunnukan sukan kama gaɓoɓin jiki, su bar ƙwaƙwalwa fara. Shi ya ɗauka ƙwaƙwalwar ce kawai ba ta karɓar rini, kuma a nan ya yi kuskure. Almajirinsa Edwin Goldmann ya nuna a 1913 cewa idan aka zuba rinin cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, takan rinu sarai. Ashe shinge ne tsakaninta da jini. Sai a 1967 Thomas Reese da Morris Karnovsky suka tabbatar cewa shingen shi ne ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini, waɗanda a ƙwaƙwalwa suke manne da juna gam.

Tarin fuka ya kama Ehrlich a 1888, ya tafi Masar jinya, ya dawo a 1889. A 1891 shi da Paul Guttmann suka gwada wani shuɗin rini a kan mutum biyu masu zazzaɓin cizon sauro, suka sami sauƙi. Daga nan ya shiga aikin auna ƙarfin maganin mashaƙo, wanda ya kai shi ga ra'in da ya fitar a 1897: a jikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan rassa, kuma guba ba ta aiki sai ta sami reshen da ya dace da ita ta kama. A 1900 ya sauya musu suna daga rassa zuwa kalmar da ke nufin mai karɓa. Masanin Ingila John Langley ya zo da makamancin wannan tunani a 1905. Ni a ganina Hausa ba ta rasa hanyar faɗin wannan ba, domin yadda muke cewa maɗinki da marubuci, haka za mu ce makarɓi, jam'insa makarɓa.

Ya sami kyautar Nobel a 1908 tare da Metchnikoff. A 1909 shi da Sahachiro Hata, ɗan ƙasar Japan, suka gano cewa haɗi mai lamba 606 yana kashe ƙwayar cutar tunjere, aka fitar da shi a 1910 da sunan Salvarsan. Wannan nasara ta jawo masa zargi da ƙazafi masu yawa. Ya rasu ranar 20 ga Agusta, 1915, a Bad Homburg. A zamanin 'yan Nazi an cire sunansa daga wani titi na Frankfurt saboda addininsa. Daga baya kuma Jamus ta ɗora hotonsa a takardar kuɗinta ta mark 200.

Ehrlich bai taɓa ganin makarɓi da idonsa ba. Yau an san furotin ne, kuma an san shimfiɗar cikin jijiyoyin jini cike take da su. Wani makarɓin shi ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga jini ya tsallakar da shi zuwa ƙwaƙwalwa. To, a nan ne batun ya iso gidanmu. Ƙwayar zazzaɓi mai suna falciparum, idan ta shiga jar ƙwayar jini, takan fito da wani furotin a bayanta wanda ke kama makarɓa irin su CD36 da ICAM-1 da EPCR, na ƙarshen nan a 2013 aka gano rawar da yake takawa. Da haka jar ƙwayar ke manne wa bangon jijiya ta kauce wa saifa, wadda da za ta tace ta. Idan mannewar ta auku a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, jini ya cushe, sai jijjiga da suma. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke.

Uwar da ta fahimci cewa jini ne ke maƙalewa a kan ɗanta ba za ta tsaya hayaƙi da tofi kaɗai har gari ya waye ba. Don haka nake kira ga likitocinmu da malaman sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu da su zauna tare su daidaita irin waɗannan kalmomi. Na miƙa makarɓi; wanda ke da wadda ta fi ta, ya kawo mu duba.