Mongkut

Mongkut (18 ga Oktoba 1804 – 1 ga Oktoba 1868), wanda ake kira Rama na Huɗu, sarkin Siyam ne, ƙasar da ake kira Tailan a yau. Ya yi shekara 27 yana zaman zuhudu a addinin Buddha kafin ya hau gadon sarauta.

Shiga zuhudu

A al'adar Siyam, saurayi kan aske kansa, ya sa mayafi ruwan ɗorawa, ya zauna a gidan ibada na 'yan watanni don neman ilimi da samar wa iyayensa lada. Mongkut ya shiga a 1824. A shekarar nan mahaifinsa, Rama na Biyu, ya rasu, manyan fada suka naɗa wansa Nangklao, alhali Mongkut ne ɗan sarauniya. Fitowa a lokacin na iya jawo masa zargin neman sarauta, sai ya zauna.

A can ya ƙware a harshen Pali, ya koyi Turanci da ilimin taurari, ya kuma kafa ɗarikar Thammayut mai tsananta bin dokokin zuhudu.

Sarauta

Ya zama sarki a 1851. Zazzaɓin cizon sauro ya yi ajalinsa bayan ya je kallon husufin rana da ya lissafa lokacinsa daidai.