Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo da Zamansa a Bodinga

Mu 'yan Horo Birni da neman abinci ya kai mu Legas, Kaduna ko Abuja, da wuya mu zo gida mu koma ba mu ratsa Bodinga ba a kan hanyarmu ta shiga Sakkwato. Galibinmu kuwa idan mun tsaya, fura da nono ce ta tsayar da mu. Ba kowa ne a cikinmu ke tuna cewa wannan gari ya taɓa zama mazaunin ɗaya daga cikin manyan malaman da ƙasar Hausa ta yi ba.

An haifi Malam Abdullahi a wajajen 1766. Ƙane ne ga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, kuma almajirinsa tun yana yaro. Daga baya ya ɗauki karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, kuma shi ya jagoranci jama'a a yaƙin Tafkin Kwatto, inda aka karya rundunar Yunfa, Sarkin Gobir.

Sai dai nasara ba ta kwantar masa da hankali ba. Da ya ga son ganima da kwaɗayin sarauta sun fara shiga zukatan mayaƙa, sai ya bar runduna ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka. Kanawa suka tare shi da roƙo. Ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a, sannan ya komo. A ganinmu wannan tafiya ta fi kowane yaƙi bayyana halinsa.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, shi kuwa Malam Abdullahi ya sauka a Bodinga, kusa da yayansa. Tsakanin garuruwan biyu tafiya ce da yaro zai yi a kan keke bai gaji ba. A 1812 Shehu ya raba kula da daula biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. Duk da wannan nauyi, alƙalaminsa bai huta ba. A waɗannan shekaru ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa, da Tazyinul Waraƙati a 1813, wanda ya tattara waƙoƙinsa da labarin jihadi. A cikinsu ne kuma ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Ruwayar magabata ta ce da Malam Abdullahi ya iso daga Bodinga, ya tarar da ƙofar gari a rufe. Bai ja daga ba. Ya juya, daga bisani ya tare a Gwandu. Bayan 'yan shekaru, Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, a nan baffa ya gaida ɗan yayansa a matsayin Sarkin Musulmi, aka shirya.

Ya rasu a Gwandu a 1829, ɗansa Muhammadu ya gaje shi. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.